Yadda muka dawo da fanshon Baba, tsohon ma'aikacin reluwe a Zariya

Mahaifinmu ya kama aikin reluwe a Zariya a 1961 yana ɗan shekara 19, ya ajiye a 1996 bayan ya cika shekara 35 a bakin aiki. Fanshonsa ba wani mai yawa ba ne, amma da shi yake sayen maganin hawan jini, da shi yake ba jikoki na alewa, kuma shi ya sa har yau ba ya miƙa wa ɗayanmu hannu. Ƙarshen watan Janairu ya zo, kuɗi ba su shigo ba. Muka ce ƙila jinkiri ne. Fabrairu ma ta wuce shiru. Sai da wani maƙwabcinmu a Muciya, shi ma tsohon ɗan reluwe, ya ce ai nasa ya shigo tuni, sannan hankalinmu ya tashi. Wata uku cur muka yi muna zirga-zirga kafin sunan Baba ya koma cikin waɗanda ake biya, kuma da na san abin da na sani yanzu da ba mu kai rabin haka ba. Na rubuta wannan ne saboda masu tsoho a gida irin namu.

Banki na fara zuwa, reshen da ke PZ, domin tunanina ya ba ni an toshe asusun ne. Na je ni kaɗai, aka ce ba za a faɗa mini komai ba sai da mai asusu, kuma gaskiyarsu ne. Washegari na ɗauko Baba a keke napep, muka isa ƙarfe tara, aka ba shi kujera saboda shekarunsa, ni na bi layi. Wajen sha ɗaya muka kai gaban ma'aikaciyar. Ta duba ta ce asusu lafiyarsa ƙalau, kuɗi ne dai ba a turo ba tun Disamba. Na nemi takardar bayanan asusu ta wata shida mai hatimi da sa hannu, na biya naira dubu ɗaya. A ranar ban san amfaninta ba, Allah ne kawai Ya sa na karɓa. Muna fitowa Baba ya ce, "Ɗana, ba nan ba ne. Kai ni tasha."

Wanda ya san Sabon Gari ya san tashar jirgin ƙasa ce uwar unguwar. Layin dogon da aka faro daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi su suka cika Sabon Gari. Can gefe, a gindin wani tsohon mangwaro, tsofaffin ma'aikata kan zauna da hantsi, cikinsu har da masu riƙe da ƙungiyarsu ta 'yan fansho. Tun daga nesa wani dattijo mai sanda ya ɗaga murya, "Fayaman! Ashe kana nan?" Baba ya yi shekara kusan ashirin yana tuƙin kan jirgi mai dizal kafin ya yi ritaya, amma a wurin waɗannan mutane har gobe shi mai zuba kwal ne. Ya rusuna ya ce, "Maigida, ina nan." Wannan ne direban da ya yi wa aiki a zamanin tururi. Ban taɓa ganin Baba ya rusuna wa wani haka ba tun rasuwar kakanmu.

Cikin minti goma suka warware abin da ya hana mu barci wata biyu. Sakataren ƙungiyar ya ce 'yan fansho kashi biyu ne. Akwai na tsarin adashin gata da ya zo da dokar 2004, waɗanda kamfanonin fansho ke biya, akwai kuma na tsohon tsari irin su Baba, waɗanda gwamnatin tarayya ke biya kai tsaye. Su na tsohon tsari ana so lokaci zuwa lokaci su tabbatar suna raye, ta waya ko kwamfuta. Ya tambaye ni, "Ɗana, yaushe rabon da a yi masa?" Na yi shiru. Yayana ne ke yi masa, ya koma Abuja da aiki, ya ɗauka na ci gaba, ni kuma ban ma san ana yi ba. Laifin namu ne, mu 'ya'yansa, kuma na ji nauyinsa sosai a gaban tsofaffin nan.

A nan take na fito da waya muka gwada. Ana sa lambar ɗan fansho da lambar asusun banki, sai a ɗauki hoton fuska. Lambar fansho tana jikin takardar da aka ba shi lokacin tantancewa ta baya, mu kuwa ba mu zo da ita ba. Da yamma a gida na same ta, na sake gwadawa, aka ƙi karɓa. Na cire masa hula, na fitar da shi tsakar gida inda haske yake, na goge gilashin waya, duk a banza. Kwana uku ina wannan fama ina zargin intanet, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ranar Asabar Baba ya sa aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa. Takardun na cikin wata jakar fata, jakar kuma a naɗe cikin tsohuwar rigar kaki. Na baje su a tabarma: takardar kama aiki ta 1961, ta tabbatar da shi a aiki, takardun ƙarin girma, takardar ritaya, da ta biyan garatuti. Na ajiye katin ɗan ƙasa da takardar banki a gefensu, sai ga matsalar ƙuru-ƙuru. A takardun aiki an rubuta sunansa ne haɗe da sunan gari, kamar yadda akawuna suka riƙa yi wa 'yan Arewa da yawa a wancan zamani. A banki kuma sunansa ne da na mahaifinsa, domin bara ƙanwata ta kai shi an gyara bayanan BVN don su dace da katin ɗan ƙasa. Ta yi da kyakkyawar niyya, amma daga ranar mutumin da ke cikin fayil ɗin fansho da mai asusun banki suka zama kamar mutum biyu. Shekarar haihuwa dai, alhamdu lillahi, 1942 ce a ko'ina.

Na koma gindin mangwaro da takardun a hannu. Shawararsu ita ce kada in taɓa sunan banki kuma, in je in samo shaidar cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Ranar Litinin muka je kotu yin takardar rantsuwa. Akwai masu buga takardu a bakin ƙofa, ɗaya ya buga mana, na karanta sau biyu na ga ya juya harafi ɗaya a sunan kakanmu, na sa ya sake. Wannan karatun kada kowa ya yi wasa da shi, kuskuren harafi ɗaya zai mayar da kai farko. Baba ya shiga ya yi rantsuwa, aka manna hotonsa, aka buga hatimi. Da bugawa da kuɗin kotu na kashe naira dubu uku, kafin azahar mun gama. Daga nan na kai wa wakilin wata jarida ya sa sanarwar suna, naira dubu shida, ta fito bayan kwana huɗu, na sayi kwafi biyu. A ajiye shafin gaba ɗaya, da sunan jaridar da kwanan wata a samansa, ba a yanko ɗan layin da sunanka yake ba. Sai na rubuta wasiƙar koke da sunan Baba, na sa lambar fanshonsa da lambar waya, ya sa hannu, sakataren ƙungiya ya haɗa mana da takardar shaidar cewa sun san shi.

Ofishin da ke karɓar irin wannan koke yana Kaduna. Zuwan farko ni kaɗai na yi, kuma shi ne abin da na fi yi daidai a duk tafiyar. Na shiga mota a Kwangila bayan asuba, naira dubu uku zuwa Kawo. Ma'aikacin ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce saura takardar BVN mai hoto daga banki da hoton fasfo biyu, kuma kowace takarda a yi mata kwafi, a zo da ta asalin don a gani. Ya rubuta mana ranar da za a kawo Baba, mako biyu gaba. Da na ɗauko tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya a wannan rana, da wahalar banza ya sha.

Ranar da aka ba mu sai muka yi shatar mota, domin Maigida da wasu dattawa biyu su ma suna da nasu gyaran. Muka raba kuɗin, kowa dubu takwas zuwa da dawowa. Ƙarfe takwas muka isa, muka tarar da mutum sama da talatin a rumfa, aka rubuta mu, Baba na 34. Na zo da ruwa da maganinsa da ɗan abin taɓawa, na shirya wa wuni mai nauyi. Sai wunin ya zama wanda na fi sanin mahaifina a cikinsa.

Wani dattijo Bayarabe, haifaffen Sabon Gari, mai Hausa kamar jakin Kano, shi ya tono zancen. Ya ga hannun Baba ya ce wannan hannun shebur ne. Baba ya yi murmushi ya ce shekara huɗu ya yi yana goge inji a Loko, wato inda ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su, kafin a yarda ya taɓa shebur. Mai goge inji da tsumma da mai yake kwana, ya shiga ƙarƙashin kan jirgi ya kwashe toka tana zubo masa a wuya, ya hau sama ya goge har ya ga fuskarsa a jikin tagulla. Idan jirgi zai tashi da asuba, tun tsakar dare ake hura wuta, domin tukunyar ba a yi mata gaggawa, awoyi take ɗauka kafin tururi ya kawo. Akwai yaron da aikinsa kawai ya bi gidajen ma'aikata da fitila yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tada direba da fayaman, kuma ba ya tafiya sai an amsa masa. Mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, ta sha gaya mana cewa da jiniyar Loko take ɗora tukunya, amma ban taɓa haɗa wannan da mutumin da ke fita cikin duhu ba sai ranar.

Da aka zo kan zuba kwal sai Baba ya miƙe tsaye, mutumin da nake riƙe wa hannu in zai hau keke napep. Ya kafa ƙafa ɗaya, ya juya ƙugu, yana nuna yadda ake ɗebowa daga baya a watsa a gaba. Ya ce wanda bai iya ba shi ke tula kwal a tsakiya, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi, tururi ya faɗi. Gwani kaɗan-kaɗan yake watsawa, kusurwa huɗu da gefe, bai bar rami ba, kuma tun kafin a kai hawa ya riga ya gina wutarsa. Ido ɗaya na kan wuta, ɗaya na kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya. In ruwa ya yi ƙasa har saman murhu ya bushe, akwai wani toshi mai darma da zai narke, tururi ya feso cikin wuta, jirgi ya mutu a daji, kai kuma sunanka ya ɓaci a Loko har ka bar aiki. Maigida ya ce shekarun da suka yi tare ko sau ɗaya bai taɓa cewa "ƙara wuta" ba, kallon bututun hayaƙi kawai yake ya san yaronsa na nan. Baba ya sunkuyar da kai. Ina jin wannan yabon ya fi masa kuɗin da muka zo nema.

Suka shiga lissafin hanya. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Akwai tashoshin da dole a tsaya a sha ruwa, fayaman ya hau bayan inji ya jawo bututu. Layi ɗaya ne, don haka ba ka barin tasha sai shugaban tasha ya miƙo maka shaidar cewa hanya taka ce har tasha ta gaba, can ka miƙa ta ka karɓi wata. Da damina ƙafafun jirgi kan zame a kan dogo, sai a saki yashi su kama. Da hunturu gabanka na gasuwa bayanka na daskarewa. Da rani tartsatsi kan tashi ya kama ciyawa a gefen hanya. Azumi a watan zafi a bakin murhun nan, in ji Baba, shi ne abin da har yau in ya tuna yake jin ƙishi. Amma a kan shebur ɗin nan suke soya ƙwai su gasa nama, a wanke shi da ruwan zafin inji a miƙa bakin wuta, kafin ka ce kwabo ya nuna. Mata kuma a ƙananan tashoshi kan zo da kwano su roƙi ruwan zafi. Daga Kano a jawo gyaɗa da fata da shanu a yi kudu, daga layin Ƙaura Namoda, wanda aka gama a 1929, a jawo audugar Funtuwa da Gusau, a dawo da goro da gishiri da kananzir.

Mafi tsufa a cikinsu ya ce duk yara ne su, shi ya hau ƙaramin jirgin da ke tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau Jos, mai siririn layi, wanda aka shimfiɗa saboda kuza aka kuma rufe a 1957. Ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda suka ajiye aiki a yajin aikin gama-gari na 1945, lokacin Michael Imoudu, jagoran ƙungiyar ma'aikatan reluwe, kuma a gidansu ba a kiran sunan nan sai da girmamawa. Wani ya kawo injinan da aka sa wa sunayen koguna, suka yi ta gardamar wanne ya fi jan kaya. Da zance ya kai 1966 sai murya ta yi ƙasa. Baba ya ce wanda ya koya masa riƙon shebur ɗan ƙabilar Ibo ne, ya tafi gida a shekarar nan bai sake jin ɗuriyarsa ba. Ma'aikata da yawa sun tafi, yaƙi ya zo a 1967 ya yanke hanyar kwal, waɗanda suka rage suka riƙa yin aikin mutum biyu. Dizal da ya fara shigowa tun wajen 1955 ya ci gaba da ture tururi, har aka wayi gari an jere tsofaffin injinan a gefe ciyawa na cin su. Babu wanda ya ce dizal bai fi sauƙi ba. Maigida dai ya ce shi dizal kunna shi ake yi, tururi kuwa lallashinsa ake.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka kira 34. Ma'aikaciyar ta gaishe shi da "Baba, sannu da hanya," ta karɓi na asali tana gwadawa da kwafi. Ta tambaye shi ranar kama aiki, tashar da ya fara, da muƙamin da ya yi ritaya a kai. Da ta nemi lambarsa ta aiki na fara laluben takarda, shi kuwa ya karanto ta da ka, lamba bayan lamba, ba gargada. Aka ɗauki hotonsa, aka zo dangwala yatsa, na'ura ta ƙi kama babban yatsan dama, zanen ya shafe. Aka goge, aka sake, sai a na hagu ta kama. Suka mayar mana da takardunmu na asali, suka ba mu 'yar takardar shaida mai lamba da kwanan wata. Ko sisi ba a karɓa a ofishin ba. A waje ne wani mai jaka ya tare ni yana cewa in ba shi wani abu ya sa fayil ya yi gudu, sakataren ƙungiya ya riga ya gargaɗe ni da irinsu, na ba shi haƙuri na wuce.

Sai jira. Maris ya ƙare, Afrilu ya ƙare, ba labari. A tsakanin nan mu 'ya'yansa muka haɗa masa kuɗin magani, yana karɓa yana kawar da kai. Na buga waya sau biyu da lambar da ke jikin 'yar takardar, aka ce ana kan aiki. Ƙarshen Mayu, bayan la'asar, wayarsa ta yi ƙara, jikarsa ta karanta masa. Na watannin da aka tsallake kuma suka biyo baya a Yuni. Duka-duka, da mota da kotu da jarida da hotuna da kwafi, na kashe abin da ya kusa naira dubu talatin.

Wanda duk ke da tsoho ɗan fansho, ya nemi sanin inda takardunsa suke tun yana iya nuna su da kansa. A rumfar nan na ga wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta zo da takardun da gara ta cinye rabinsu, har yau tana raina. A sa su a leda, a yi kwafi, a ɗauki hotonsu a waya. A jera takardar aiki da ta banki da katin ɗan ƙasa a duba suna da shekarar haihuwa harafi-harafi, kuma kada a gyara suna ko a sauya asusu a wuri ɗaya ba a sanar da masu biyan fansho ba. Kafin banki, kafin Kaduna, a fara da ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan, sun riga ka bin hanyar. Mai ƙarfi ya fara zuwa ofis ya tabbatar takardu sun cika kafin a ɗauko tsoho, kuma wanda ba ya iya tashi, a tambaya a rubuce yadda za a yi da shi. Takardar asali a nuna ta, kada a bar ta. Sannan a cikin 'ya'ya a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin tabbatarwar nan ta waya. Mu an ce mana duk wata shida, na sa tunatarwa a wayata da ta ƙanwata.

Da sunan ya daidaita, hoton fuskar da ya ƙi mu kwana uku sau ɗaya aka ɗauka ya wuce. Tun daga nan duk Laraba nake kai Baba gindin mangwaro in koma ɗaukarsa da azahar. Akwai mutum uku a cikinsu da 'ya'yansu ba sa kusa, har da Maigida, na rubuta lambobinsu a littafi, nasu zai zo a watan Nuwamba tare da na Baba.